Garin da Ya Ƙwace Mini Takwara

Ba zan faɗi sunan garin ba. Ya ishe shi suna a gidanmu, safe da yamma ana ambatonsa, ba sai na ƙara masa da bakina ba. Abin da zan ce kawai, ƙaramin gari ne a kudancin Faransa, ban taɓa taka shi ba, kuma ban taɓa jin kishin wani abu a duniya kamar yadda nake jin kishinsa ba. Ni da na tsufa, na yi jikoki, ina zaune a Manassas ta Amurka a gidan ɗana ina shafa maganin gwiwa, wai ni ce nake kishin gari. Na san abin dariya ne. Ku yi dariyarku, ni dai abin yana cina.

Jikata ce ta jawo mini. Sunana aka sa mata, shi ya sa iyayenta suke ce mata Ummi, ni kuwa takwara nake kiranta. A nan Amurka aka haife ta. Hausa tana ji sarai, amma in an yi mata sai ta mayar da Turanci, sai in tana son wani abu a wurina ne take lallaɓo Hausar tana ɗingishi. Bara makarantarsu ta tura su Faransa koyon yare, aka sauke ta a gidan wata tsohuwa a wannan gari, ta dawo da tsohuwar a baki, Mami kaza, Mami kaza. Yanzu ga dogon hutu yana matsowa, ni kuma ina shirin zuwa gida Nijar, zuwan da ni da likitana muka san da wuya a sake wani bayansa. Ubanta ya ce ba zai tilasta mata ba, ta zaɓa da kanta, ko ta bi ni gida, ko ta koma wurin tsohuwarta. Tunda ya faɗi haka abinci ya daina yi mini daɗi.

Ko ba na so, na haddace garin nan kamar ni nake share shi. Na san a kan tudu yake, kogi ya naɗe shi ta gefe uku. Na san gadarsu ta dutse mai doro a tsakiya, wadda in mota biyu suka haɗu a kanta sai ɗaya ta ja da baya. Na san wasu malaman Kirista masu gudun duniya ne suka fara zama a wurin, suka gina ɗakin ibada, manoma suka raɓe su, kasuwa ta kafu, daga baya aka yi ganuwa, har yau ƙofa ɗaya tana tsaye. Na san kwale-kwale sun daɗe suna hawowa da gishiri suna gangarawa da giya da katako, kafin jirgin ƙasa ya zo ya kashe musu sana'a, samari suka watse manyan birane. Sun yi rikicin addini a tsakaninsu, su Kiristocin, tabonsa yana nan a bangon cocin, ba su shafe ba, nunawa ma suke yi. Rumfar kasuwarsu tana nan da ginshiƙanta na icce da suka yi baƙi don tsufa, ranar kasuwa a kasa cuku da zuma da tuffa. A tsakiyar gari akwai wani dogon dutse da aka rubuta sunayen samarinsu da suka mutu a yaƙin duniya. Ranar da ta nuna mini hotonsa na ce mata ƙanin kakata ma an ɗauke shi wannan yaƙin bai dawo ba, ta duba mini ko sunansa yana ciki. Yarinya ta kife wayarta. Ban kyauta ba, amma na ɗan ji sanyi a raina.

Mu ma ai muna da gari. Can ƙasar Damagaram yake, a gindin wasu manyan duwatsu da suka hau kan juna. Mun taso mun iske guntun ganuwa, muna hawa muna tsallake, manya suna korar mu. Muna da marina, inda warin baba yake tarar mutum tun daga nesa. Muna da ranar kasuwa, da Buzaye masu saukowa da raƙuma ɗauke da gishiri da dabino, ka ji kukan raƙumi tun kafin ka ga ƙurarsa. In ta ce Mami ta ce garinsu ya tsufa, sai in ce namu ma ba jiya aka kafa shi ba. Sai ta ce, "Ina foto, Kaka?" A nan nake shan kaye kullum. Su da dutse suka yi gini, mu da ƙasa, kuma damina ba ta taɓa jin kunyar ginin ƙasa ba. Su kowane lungu sun kafa masa allo an rubuta labarinsa. Mu labarinmu a bakin tsofaffi yake, tsofaffin kuma mun kai su maƙabarta ɗaya bayan ɗaya ba mu tambaye su komai ba.

Duk wannan da na iya haɗiyewa. Abin da ya soke ni shi ne wurin wanki. Wata ranar Asabar muna ɗakin ƙasa, inda injin wanki yake, ina ninke kaya tana zaune a kan matakalar bene da waya, sai ta juyo mini da ita. Na ga wata rumfa mai rufin jan tayil a bakin kogi, da doguwar kwatarniyar ruwa ta dutse a tsakiya, gefenta an jera duwatsu a karkace, sun yi sulɓi. An rataye furanni a ginshiƙai. Ta ce nan matan garin suke wanki a da, kafin inji. Kowace mace da wurinta, tana durƙusa cikin wani ɗan akwati da aka zuba wa ciyawa, tana bugun kaya da faffaɗan icce. Ta matsa hoton gaba, sai ga takwarata a durƙushe, tana dariya har kunne, wata farar tsohuwa mai gajeren gashi ta dafa kafaɗarta.

"Nan ne wurin maman Mami," in ji ta, rabi Hausa rabi Turanci. "Kafin ita kuma kakarta. Mami ta ce tunda ba ta da jika mace, ni ce zan gada. Ta ce yanzu wurina ne."

Na ajiye zanen da yake hannuna. Na ce, "Wurinki ne? Ita ta haife ki?"

"Kaka, wasa ne fa."

"Wasa da gado? Ke kina da wurin wanki tun kafin a haifi ubanki, ba ki sani ba, kin tafi kina durƙusa a na mutane."

Ban shirya faɗin haka ba. Rabona da tuna wurin nan na manta. Amma ina rufe baki sai ga shi gabana, har da ƙamshinsa.

A bayan garinmu akwai tafki, gefensa na gabas kuma wani falalen dutse ne shimfiɗe, ya gangara har cikin ruwa. Lokacin ba a kulle a garinmu, mata suna fita sha'aninsu. Da hantsi ya ɗaga za ka ga jerin mata da 'yan mata, kowa da gammo da daro a ka, an nufi falale. Kafin ka iso ka ji sautin, fat, fat, tim, wani yana amsa wani, don hannun kowace mace da irin bugunsa, makaho ma zai iya faɗa maka wadda ta zo da wadda ba ta zo ba. Ga warin sabulun salo, ga kwaɗi suna tsalle, ga balbela a kan shanun da suka zo shan ruwa ta can gefe. In an gama a shanya a kan dutsen, ya yi fari da shuɗi da ja, mu kwanta a inuwar tsamiya muna jiran ya bushe, ana tsefe kai ana gulma. Aure nawa aka ƙulla a wurin nan, nawa aka warware, Allah kaɗai ya sani. Yanzu a gidan nan sai a jefa kaya a inji, a danna, a hau sama. Injin yana ta kukansa shi kaɗai a ƙarƙashin ƙasa, ba mai ba shi labari, in ya gama ya yi ƙara a sauko a kwashe. Kayan suna fita, ban ce ba sa fita ba. Amma takwara ta girma ba ta taɓa jin abin da mata suke faɗa in maza ba sa kusa ba.

Falalen nan ba a hawa shi da ka. Kowace babbar mace da wurinta, kuma ba wanda ya zana layi, amma ko a makance ba ka taka na wata. Manya suna can inda ruwa yake da zurfi da tsabta, kusa da inuwa. Mu yara a gefen laka ake barinmu, muna cuɗa tsummokara da ɗankwalaye. Wuri ba a saye, ba a roƙo. Sai mai shi ta ga hannunki ya nuna, sannan ta matsa miki, in ta tsufa ta bar miki gaba ɗaya. Nawa idon yana kan na Goggo, yayar mahaifina, wata doguwar mace mai kaifin baki wadda ba ta haihu ba. Wurinta ya fi na kowa kyau. Dutsen ya lotsa a tsakiya kamar ƙwarya, saboda hannun uwarta da na kakarta da suka cinye shi da bugu. Mu 'ya'yan 'yan'uwanta mata muna da yawa, kowa tana so, kowa tana yi mata ladabin ƙarya. Ita kuwa ba ta kallon ladabi. Kullum maganarta ɗaya, "Ke, wuyan riga ake fara dubawa, ba gabanta ba."

Wata shekara ana gab da Sallah ta miƙo mini farar babbar rigar mahaifina, ta ce in wanke. Kowa a falale ya san abin da hakan yake nufi, har bugu ya ragu. Na wanke rigar nan kamar raina, na ɗauraye, na sa bula, na matse, na kai mata. Ta ɗaga ta a rana, ta juya wuyan, ta shinshina, sannan ta wurga ta cikin laka a gaban kowa, ta ci gaba da wankinta. 'Yan'uwana suna ƙunshe dariya, ni kuwa hawaye ya rufe mini ido, na so in gudu gida. Wata tsohuwa ta ce da ni a hankali, "Ɗauko ki sake, yarinya. Ba rigar take dubawa ba." Na tsamo ta, ta yi jawur. Na sake tun daga farko, rana ta take, kowa ya shanya nasa ya koma inuwa, ni kaɗai nake bugu. Da na kai mata karo na biyu ko kallon rigar ba ta yi ba. Ta ja daronta gefe, ta nuna lotsawar nan da haɓa, ta ce, "Durƙusa nan." Dutsen yana da zafi, yana da santsi, gwiwoyina suka zauna daram a inda nata suke zama. A rayuwata an ba ni abubuwa, an yi mini aure, na je Makka, na hau jirgi har na gaji, amma ban sake jin girma irin na ranar ba.

Daga baya aka kawo famfo tsakiyar gari. Ranar da ruwa ya fara zuba mu muka yi guɗa, har da rawa, don ba wadda bayanta bai gaji da hanyar tafki ba. Mata suka koma wanki a tsakar gida. Goggo ta ci gaba da zuwa ita da wasu tsofaffi har ƙafa ta ƙi. Ni kuma aure ya kai ni Yamai, in na zo ganin gida daga gaisuwar biki sai ta mutuwa, ban taɓa cewa bari in leƙa falale ba. Abin da yake ƙara ƙona mini rai ke nan da matan garin can. Su ma fa gudu suka yi da inji ya zo, takwara ta faɗa mini, ba wadda ta waiwaya. Amma da suka bar nasu sai suka yi masa rufi, suka rataya masa fure, suka sa mai shara. Gajiya ɗaya muka yi, ciwon baya ɗaya, amma su sun sami sukunin adana abin da ba sa amfani da shi.

Duk wannan na zayyana wa takwara a ɗakin ƙasan nan, injin ya gama ya yi ta ƙara ba wanda ya kula shi. Ban taɓa ganin ta saurare ni haka ba. Wayar tana kife a cinyarta. Ta sa na maimaita wurin jefa riga a laka, ta ce Goggo muguwa ce, na ce ta kiyayi bakinta. Sannan ta tambaya, da Hausa tsantsa, "Kaka, yana nan har yanzu?"

Na ce, "Dutse ne fa. Ina za shi? Goggo ta ba ni, ni kuma na ba ki. In kin bi ni ki durƙusa a naki na gado, ki daina aron na Mami."

Ta rungume ni. Na hau sama ina jin kamar na ci gari da yaƙi. Har na tare ubanta a ƙofa da ya dawo daga gidan rediyon da yake aiki, na ce masa ya fara neman tikiti biyu. Ya ce, "Inna, ta faɗa da bakinta?" Na ce za ta faɗa.

Ranar Litinin da safe na kira ƙanwata da take zaune a garinmu, a wayar nan mai nuna fuska, lokacin su can la'asar ta kusa. Bayan mun gaisa, mun tambayi kowa da kowa, na ce ta taimaka ta taka bayan gari ta nuna mini falale.

Ta ce, "Wane hwalale kuma, Yaya?"

"Na tafki mana. Wurin wankin Goggo."

Ta yi dariya, sannan ta ga fuskata ta daina. "Yaya, ke ba ki da labari? Ai tabki an cike shi tun tuni. Sauro ya dami mutane, ga shi in ruwa ya yi yawa yana shiga gidaje. Dutsen kuwa lokacin da za a yi gudron, hanyar kwalta, aka hwasa shi, kamiyo-kamiyo, manyan motoci, aka kwashe tsakuwa."

"Duka?"

"Bari in tahi ki gani da idonki."

Na bi ta a waya, hoto yana rawa, ina ganin ƙafafunta da gefen zanenta. Ta tsaya ta juya mini. Tashar mota ce. Ga jerin shaguna da rufin kwano, ga mai faci, ga mai shayi, ga babura sun yi dafifi. Na ce ta nemo tsamiyar, daga nan zan gane. Ta ce ba tsamiya. Ta tambayi mai shayin ko ya san inda dutsen yake a da, ya ce shi baƙo ne, ya iske wurin haka. Ta ɗan matsa ta nuna mini wani kwalbati, ta ce, "Ina jin wajen nan ne. Ko kuwa can gaba kaɗan. Wallahi Yaya ni ma na manta." Na yi mata godiya, na ce ta gaida yara.

Na yini da abin a cikina. Na yi tunanin in yi shiru har mu sauka, in ya so ta gani can, tunda jirgi ba ya juyawa. Amma na ba yarinya abu, kuma babu shi, ba zan bari ta ji a bakin mai shayi ba. Da ta dawo makaranta na kira ta, na nuna mata hoton da ƙanwata ta turo. Na ce, "Ga gadonki nan, takwara. Titi ya cinye." Ta daɗe tana kallo, tana buɗe hoton da yatsu biyu kamar za ta tono dutsen a ƙarƙashin babura. Sannan ta dube ni, irin kallon da ma'aikatan asibiti suke yi mini, ta ce, "Ba komai, Kaka. Zan bi ki." A gaban ubanta ma ta maimaita. Ya yi murna, uwarta ta yi murna, aka ce Inna ta yi nasara.

Ranar Lahadi da hantsi ina zaune a falo ina jan carbi, na jiyo ta a kicin ta kira tsohuwarta. Da Faransanci suke magana, kuma yaran nan sun manta cewa ni ma na zauna a lakwal, makarantar bokonmu ta Faransanci, kafin a cire ni, na kuma yi shekaru a Yamai. Ba kowace kalma na kama ba, amma na kama abin da ya ishe ni. Muryarta ma daban take in tana magana da matar nan, tana tashi tana sauka, tana tambayar kogi, tana tambayar ko an yi kasuwa, ko furannin rumfar sun fito. Sannan ta sassauta. Ta ce ba za ta zo bana ba, za ta raka kakarta Afirka. Ta ce a'a, ba wani abin gani a can, amma kakarta ta tsufa sosai. Tsohuwar ta yi wata magana, takwara ta yi 'yar dariya ta ce, "Na sani, Mami. Garinku yana nan, zai jira ni. Ita ce ba za ta jira ba."

Carbin ya tsaya a hannuna. Yarinyar kirki ce, ba ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba, kuma ni ta zaɓa. Tikitinmu biyu suna nan, na riga na fara ɗaure tsaraba. Amma ni tausayi ya ba ni ita, garin can kuwa so ne ya ba shi, kuma in an gama da ni can za ta koma. Na so a ce ina da ko da dutse ɗaya da zai jira ta a bayana.